Muryar Malam Cikin Akwatin Toka

Ku da kuke karanta wannan kan salula, ku aje dariya tukuna. Na san abin da kuke cewa: tsohuwa mai jikoki bakwai, mi ya haɗa ta da zancen soyayya? Sunana Baturiya, shekarata hamsin da takwas, a Dumega anka haife ni, kuma ba shawararku na zo nema ba. Laifi na yi, shi zan faɗa.

Malam, mai gidana, ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Sunanshi bai fita bakina ba yana da rai, ba zai fita yau ba. Ɗana na fari shi ma ba na faɗin nashi, Babba nike ce mashi. Yana aiki Yamai, ya gina mani ɗaki mai fanka da makewayi a ciki, ya ce ranar Juma'a mota za ta zo ta ɗauke ni, in bar gidan ƙasa da awaki. Ana cikin haka Mushe Sha'ibu, tsohon malamin lakkol (makarantar boko, inda ake ce ma malami Mushe) da ya aje aiki, wanda matarshi ta rasu shekara huɗu baya, ya aika ma ƙanena, wanda yara ke ce ma Kawu, goro yana neman aurena. In na amsa, ina Dumega. In na ƙi, ina cikin mota.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya zo zaure da kanshi. Riga ruwan bula mai guga har tana tsayawa, biro a aljihu, tabarau ɗaure da zare ta kunnen hagu. Na zauna bakin ƙofa na ja mayafi. Ba ƙin shi nike ba, ku ji da kyau. Bakin matan famfo nike tsoro, da idon Babba.

Na ce, "Mushe, ni fa na manta muryar Malam. Fuskarshi tana nan, har tabon haɓarshi. Amma in na rufe ido don in ji yadda yake kirana, shiru. Macen da ta ɓatar da muryar mijinta ba ta da bakin amsa ma wani. In ka maido mani ita, sai mu yi magana."

Rabin zancen gaskiya ne, muryar ta ɓace mani, kuma abin yana cina. Amma na faɗa ne don na san ba a maido murya daga kabari. So nike ya tashi ya tafi ba tare da na ce a'a da bakina ba. Wannan shi ne laifin.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Bon. Gobe da hantsi ki zo ɗakin karatu na meri, can ofishin magajin gari. Ki zo da Balki, kada a ce."

Balki ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, bakinta ba ya ƙulluwa tun tana goye. Da safe ta iske ni na ɗaura tsohon zanena ruwan ƙasa.

"Yaya, ta'aziyya za mu?"

"Meri za mu."

"To ɗauko koren atamfar Sallah. Ko ba don Mushe ba, don Malam. Shekara goma sha ɗaya bai gan ki ba, ya gan ki da zanen daka?"

Na zage ta. Na kuma ɗauko koren.

Ɗakin karatun ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, gefen meri, da fano biyu na hasken rana bisa. Ciki littattafai ne da ƙura, sai tsofaffin kwamfutoci biyar da wata ƙungiya ta bari. Mushe ke kula da su, ba wanda ya sa shi.

Ya ce, "Da na same su duk sun mutu, cuta ta cinye su. Na wanke cikinsu na sa masu Linuks. Shi ba a sayenshi. Mutane ne ko'ina cikin duniya suke gina shi, kowa ya kawo abin da ya iya ya aje. Kamar gayya."

"Gayyar da ba mai gona? In ya lalace wa za ka kama?"

"Ba kowa. Sai dai ka yi kira, wanda ya ji ya zo."

Ban yarda ba. Na ga gayya da yawa a rayuwata, ban ga wadda ake zuwa ba a san mai ita ba.

Sai ya tuna mani da wasu Turawa masu binciken itace da sunka zo shekara goma sha shida baya, suna ɗaukar hoton manoman da ke barin gawo cikin gona. Na tuna. Sun sha furata. Ya ce sun sa hotunan cikin intanet, shafin yana nan har yau, ba wanda ya share. Ya danna, munka jira, ya danna. Sai ga gonarmu ta gabas, da gawon nan mai reshe biyu. Ƙasa akwai rubutu. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, harafi harafi nike bi. Na karanta na farko, na karanta na biyu, na rufe bakina.

Balki ta ƙarasa da ƙarfi, "Buba. Wallahi shi ne. Mijina na wasa."

Tsakiyar shafin kuwa wani akwati ne ruwan toka, babu komi ciki sai wata 'yar alama kamar guntun ƙwarya mai kunnuwa.

Na ce, "Yana ciki?"

"Yana ciki."

"To buɗe."

"Makullin ne babu." Ya sosa ƙeya. "Wancan zamani, kafin a kalli bidiyo cikin intanet sai an liƙa wani ɗan ƙari, fulogin ake ce mashi. Masu yin shi sun daina tuntuni. Ko na samo tsohon, kwamfutar yanzu ba ta karɓa."

Balki ta miƙa salularta. Nan ma akwatin toka. Mushe ya ce 'yan gayyar sun ƙera wani makulli madadin wancan, bari ya jawo shi. Rezo, wato ƙarfin intanet, ranar kamar bakin rijiyar rani. Har anka kira azahar abin yana saukowa. Da ya gama, akwatin ya koma baƙi, 'yan maɓallai sunka fito ƙasanshi. Sai wani ɗan zobe ya kama juyawa a tsakiya. Ya juya, ya juya.

Balki ta ce, "Mushe, wanga zobe naka in niƙa yake da yanzu mun tuƙa tuwo."

Hadari ya haɗo ta gabas, fano ya rasa rana, komi ya mutu.

Da yamma ina ba awaki dusa saƙon murya ya shigo. Babba ne. "Inna, ina wuni. An ce an gan ki meri. Lafiya? Ba wata takarda da kike buƙata, komi na shirya. Ki ɗaure kaya kawai. Awakin a bar ma Kawu." Na danna na ce, "Na ji."

Talata Mushe ya ce ya bar neman makulli, ta baya zai zagaya. Ya buɗe cikin shafin kamar yadda ake feɗe akuya, sai ga ƙananan haruffa jere jere ba iyaka. Ya kusanto da fuska har hancinshi na taɓa gilashi, yana bi da yatsa. Wajen awa biyu, sai ya ce, "Wala. Ga inda sunka aje shi." Ya fara jawo bidiyon cikin kwamfutar. Sau uku rezo na yankewa ana komawa farko. Da ya sauko, ya ba abin kunna bidiyo na farko cikin kwamfutar, abin ya ce bai san irin wannan ba. Ya ba na biyu, ya buɗe, ya rufe kanshi kamar an tsawata mashi. Mushe ya faɗi wata kalma da Faransanci wadda ban tambayi ma'anarta ba.

Zan faɗa maku abin da na ji a lokacin. Daɗi na ji. Na ce a raina, shi ke nan, abin ya gagara, ba ni na ƙi ba. Sai na dubi mutumin, tun safe ko ruwa bai sha ba, wuyan rigarshi ya jiƙe, yana ba ni haƙuri kamar shi ya kashe makullin. Daɗin ya koma mani ɗaci.

Laraba da hantsi muna shiga ya ce, "Ku zauna." Ya danna.

Malam ya fito.

Yana tsaye ƙarƙashin gawo, hauya a kafaɗa, da malfar nan tashi wadda ni na ɗinke bakinta da baƙin zare don fari ya ƙare. Ga zaren ina gani. Iska na kaɗa rigarshi. Ya ɗaga hannu ya nuna reshe, ya ƙyafta ido, ya kori ƙuda. Mutumin da na ga an fita da shi cikin makara, ga shi yana korar ƙuda. Balki ta kama salati ƙasa ƙasa.

Bakinshi yana motsi. Babu ko ƙis.

Na jira. Ya yi magana mai tsawo, ya yi dariya, na ga haƙorinshi mai gibi. Shiru kamar ana kallonshi ta ƙarƙashin ruwa. Wannan ya fi akwatin toka ciwo.

Na ce, "Bebe ka kawo mani? Fuska ina da ita. Murya na ce."

"Haba Yaya," in ji Balki.

Mushe bai yi fushi ba. Ya ce muryar tana nan, amma an ƙunshe ta da wani irin ƙulli, sai an sa abin kwancewa, kodek sunanshi. Ba a haɗo irinshi cikin Linuks ɗin nashi ba, wai akwai masu haƙƙi kanshi, sai mutum ya nemo da kanshi. Ya nemo. Kwamfuta ta ce kafin wannan ya zauna sai an kawo wani. Ya kawo wanin, shi ma ya ce sai da ɗan'uwanshi. Da anka kawo ɗan'uwan, ya ce ba ya zama wuri ɗaya da na farko.

Balki ta ce, "Waɗanga dangin mijina na biyu ne. Na gane su."

Ko ni sai da na danne murmushi. Mushe ya aje hannu bisa tebur. Can ya ce, "Bon. Iyakar sanina ke nan. Bari in yi kira." Ya buɗe wani wuri inda 'yan gayyar ke taruwa, ya yi rubutu da yatsa biyu.

Na ce, "Mi ka ce masu?"

"Na ce wata dattijuwa a Nijar tana son jin muryar mijinta da ya rasu, ga inda na tsaya."

"Wa zai amsa?"

"Wanda Allah ya sa."

Balki ta ce, "Ba ka faɗa masu kai mi kake nema wurin dattijuwar ba?"

Ya gyara tabarau, ya ci gaba da rubutunshi.

A hanyar gida, muna ratsa gonakin gero da ya kai ƙirji, Balki ta tsaya gabana ta kama ƙugu.

"Yaya, aure uku na yi. Ban ga namijin da zai yini uku da yunwa don ya tono miki wani namiji ba. Ke kuma na san ki. Kora kika yi mashi, shi ya ɗauka aike ne."

"Rufe mani baki."

"Zan rufe. Amma gobe Alhamis."

Saƙon Babba na ranar ya fi tsawo, muryar kuma ta sauya. "Inna, Kawu ya faɗa mani wata magana, ban gane ba. A shekarunki? Mi za mu ce ma yara? Don Allah kada ki sa a yi da mu. Jibi direba na nan tafe." Na saurara sau biyu. Buhun kayana yana jingine bayan ƙofa, rabi cike. Ban ƙara komi ciki ba, ban kuma fidda komi ba.

Alhamis an yi ruwa da asuba, rana ta fito wankakkiya. Na ɗaura koren atamfar ba wanda ya ce mani. Mun iske Mushe tsaye bakin ƙofa yana jiranmu kamar mai albishir.

"An amsa. Mutum huɗu."

Na farko ya ce laifin Mushe ne da ya zaɓi wannan irin Linuks, ya koma wani iri. Na biyu ya zo ya ƙaryata na farko, sunka kama faɗa tsakaninsu sunka manta da mu. Na uku daga Dakar, ya yi ma Malam addu'a. Ta huɗu mace ce. Mushe ya ɗauko taswirar lakkol ya nuna mani ƙasarsu, can bayan teku, Biresil. Ta ce a bar neman kwance ƙullin nan inda yake, a zuba bidiyon cikin sabon mazubi. Ta rubuto layi ɗaya tak. Ƙasa ta ƙara da cewa ita ma tana da muryar uwarta a aje, a gaishe mata da dattijuwa.

Na ce, "Ta san ni?"

"A'a."

"Ta san ka?"

"A'a."

"Mi za a ba ta?"

"Ba komi."

Na dubi shuɗin tekun nan bisa takarda, faɗin tafin hannuna biyu. Mace tana can, da tukunyarta da ciwon bayanta, ta bar abin da take yi don wata tsohuwa a Dumega wadda ma ba da gaskiya ta nemi abin ba. Ashe akwai irin wagga gayya.

Mushe ya buɗe wata baƙar taga cikin kwamfutar ya kwafi layin harafi harafi. Tagar ta ce kayan aikin babu, ya jawo, wannan karon bai yi gardama ba. Ya sake bugawa. Rubutu ya kama gudu sama kamar tururuwa an taɓa raminsu. Ya tsaya. Ya kunna sabon.

Malam ya fito, baki na motsi. Shiru.

Na ga kafaɗun Mushe sun sauka. Amma Balki ta nuna gefe. "Mi ne wancan koren abu mai tsalle?" Wani ɗan layi ne yana hawa yana sauka daidai da bakin Malam. Mushe ya tsayar da bidiyon, ya leƙa, ya dafe goshi yana dariya mara sauti.

"Yana magana. Tun ɗazu yana magana. Kwamfutar ce ke tura muryar ta ramin talabijin, mu kuwa ba mu da talabijin. Ta kai baƙo ɗakin da ba kowa."

Ya sauya hanya, ya maido bidiyon farko. Sai ya miƙe tsaye. Ya nuna mani dogon maɓallin da ke ƙasa.

"Wannan za ki taɓa, sau ɗaya. Ina waje." Ya dubi Balki. Karo na farko a rayuwarta ta fita ba ta ce komi ba.

Na yi bisimilla na taɓa.

Iska na fara ji. Sai kurciya. Sai tari, gajere, sau biyu, irin wanda yake yi kafin ya yi magana gaban baƙi. Tun daga tarin na gane shi.

"Gawo ba ya gasa da gero. Da damina zubar da ganye yake, ya bar ma hatsi rana. In rani ya yi, komi ya bushe, lokacin shi yake kore, bisashe su ci 'ya'yanshi. Ubana ya hana a sare. Ni ma na hana."

Muryar ta fi yadda nike zato siranta. A raina na mayar da ita babba, mai kauri, ashe 'yar siririya ce mai ɗan karcewa a ƙarshe. Duk Dumega an san ni da karin magana, ba a gama zance ban aza ɗaya bisa ba. Ranar ko ɗaya bai zo ba. Na riƙe bakin tebur, hawaye na zuba bisa koren atamfa, ina jin mutumin da ƙasa ta rufe shekara goma sha ɗaya yana numfashi tsakanin kalma da kalma. Allah mai iko. Har numfashin an aje.

Sai wata mace ta yi magana daga gefe, da ƙarfi, ba kunya.

"Ka tsaya kana zuba ma baƙi surutu, fura na tsami cikin rana."

Ta fashe da dariya. Bakin zane ya gitta, da ƙwarya bisa hannu. Sai da na ɗauki lokaci kafin in gane ni ce. Na san na manta muryar Malam. Ban san na manta ina irin wagga dariya ba.

Malam ya juya wajen wanda ke bayan mai ɗaukar hoto yana dariya shi ma. "Mushe, wannan kada ka juya masu ita da Faransanci. Asirin gida ne."

Wata murya ta amsa, ba a ganin mai ita. "Bon, Malam Buba, ba zan juya ba. Amma a ba ni ludayi."

Wannan "bon" ɗin. Kwana huɗu ina jinshi.

Na iske shi zaune kan benci ƙarƙashin itacen bedi, yana kallon takalminshi. Balki ta ja can nesa tana yi kamar tana duba tallar gyaɗa.

"Kai ne tafintan."

"Ni ne."

"Mi ya hana ka faɗa?"

"Muryarshi kika nema, ba tawa ba." Ya ɗago kai. "Kada ki kawo komi a ranki. Lokacin matata na da rai, mijinki na da rai. Fura na sha, na yi godiya, na hau kekena. Ta yi tsami kuwa, kina da gaskiya."

Na zauna ɗaya ƙarshen bencin, da tazarar mutum biyu tsakaninmu.

"Mushe, ban aza za ka iya ba. Don haka na faɗa. Korarka na yi."

"Na sani."

"Ka sani, ka zauna kwana huɗu?"

"Kin ce kin manta muryarshi. Wannan gefen na ga gaskiya ne. Ko mota za ki shiga gobe, gara ki shiga da ita." Ya zaro wani ɗan kile daga aljihu, irin wanda ake ɗura abu ciki, ɗaure da zaren da ya yi kama da na tabaraunshi. "Zan sa miki nan. Yanzu ko salula za ta kunna shi."

Ban karɓa ba tukuna. Salulata ta yi ƙara cikin ƙullin zane. Babba. "Inna, direba zai taso bayan asuba. Kin gama ɗaure kayan?"

Na danna wurin magana. Mushe ya yunƙura zai tashi, na ɗaga mashi hannu ya koma.

"Babba, kada ka aiko direba. Ka zo da kanka. Akwai muryar da rabonka da ji tun kana saurayi, za ka ji ta. In ka gama ji, akwai wanda ya maido ta, za ka gaishe shi yadda ake gaida manya. Awakina kuma ba a bar ma kowa ba."

Na saki. Alama biyu sunka fito, nan take sunka koma shuɗi. Balki ta matso ta leƙo ta bayan kafaɗata, Mushe ya cire tabarau yana gogewa ba abin da ya same su.

Alama ta fito cewa yana ɗaukar murya. Ta ɓace. Ta dawo. Ta sake ɓacewa. Karo na uku ta zauna, ta daɗe, ta daɗe, har Balki ta ce, "Yaya, wanga huɗuba yake."

Sai salular ta kama ruri a hannuna. Ya fasa saƙon. Kira ne.